Daga Kora zuwa Jiyya: Tarihin Kula da Lafiyar Ɗalibai a Amurka, 1894-1903

Makaranta matattarar yara ce, don haka matattarar cututtukansu ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi yadda hukumomin biranen Amurka suka fara tunkarar wannan matsala, da kuma kuren da suka tabka tun da farko.

A shekarar 1894, bayan annobar mashaƙo, birnin Boston ya naɗa likitoci 50 masu zagaya makarantu suna duba yara. Birnin Niyok ya bi sahu a 1897. Aikin likitocin bai wuce dubawa da sallama ba. Duk yaron da aka samu da ƙwarƙwata, ko ƙazuwa, ko makero, ko ciwon ido mai yaɗuwa, sai a ba shi takarda ya kai wa iyayensa, a ce kada ya dawo sai ya warke.

A nan gizo ke saƙar. Akasarin yaran nan 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani ne matalauta, masu zaman cunkoso a gidajen haya. Iyaye da yawa ba su iya karanta Ingilishi ba, balle su san abin da takardar ta ƙunsa, ga shi kuma ba su da kuɗin ganin likita. Yaron da aka kora da safe, da la'asar yana kan titi yana wasa da abokan karatunsa. Ke nan ba a tare cutar ba, karatun yaron kurum aka tare.

Lillian Wald, shugabar ma'aikatan jiyya na cibiyar Henry Street, ita ce ta shawo kan hukuma ta jarraba wata hanya. A watan Oktoba na 1902 aka tura Lina Rogers makarantu 4, gwaji na wata guda. Takan wanke gyambo, ta shafa magani, ta mayar da yaro aji. Bayan an tashi kuma ta bi masu tsananin ciwo har gida, ta nuna wa iyaye yadda ake jiyya. Kafin shekarar ta ƙare hukumar lafiya ta ɗauki ƙarin ma'aikatan jiyya aiki.

A watan Satumba na 1902 an sallami yara fiye da 10,000 daga makarantun birnin saboda cuta. A Satumban 1903 adadin bai wuce 1,100 da 'yan kai ba.