Yini guda a ƙafa tsakanin Dixcove, Busua da Butre

Dixcove, Busua da Butre ƙauyuka ne na Ahanta a bakin teku, yamma da Takoradi a Ghana. Layin dogo bai kai Tamale ba, don haka mai tasowa daga arewa sai ya shiga bas, ya kwana a Takoradi. Da sassafe ya hau trotro zuwa Agona Nkwanta, daga nan ya sake mota zuwa Dixcove.

A Dixcove akwai kagarar Metal Cross ta Turawan Ingila. Daga nan a nufi gabas zuwa Busua, a bi gaɓa, a haura tudu, a gangara Butre, inda kagarar Batenstein take, wadda Turawan Holan suka gina a 1656. Duka biyun suna cikin wuraren tarihin da UNESCO ta amince da su a 1979.

A riƙi ruwan sha, takalmi mai ƙwari da katin shaida, musamman baƙi daga Nijar ko Burkina Faso. Igiyar tekun tana da ƙarfi, wanda bai iya iyo ba kada ya shiga. A juyo kafin magariba.