Rikicin Kansas

Rikicin Kansas (suna, namiji, tarihi). Zubar da jinin da aka yi a yankin Kansas na Amurka daga 1854 zuwa wajen 1859, tsakanin masu son a ci gaba da bautar da baƙaƙen fata da masu adawa da hakan.

Tushensa dokar Kansas da Nebaraska ce ta 1854, wadda Sanata Stephen Douglas ya jagoranta. Ta bar wa mazauna yankin su yanke da ƙuri'a ko za a riƙe bayi a can. 'Yancin ɗan Adam aka kai akwatin zaɓe, alhali bayin da abin ya shafa ba su da ta cewa. A zaɓen Maris 1855, dubban magoya bayan bauta ɗauke da makamai suka tsallako daga jihar Mizuri suka yi aringizon ƙuri'u. Masu adawa suka ƙi yarda, suka kafa tasu gwamnatin a Topika.

Ran 21 ga Mayu 1856, magoya bayan bauta suka afka wa garin Lorens na masu adawa da bauta, suka ƙone otal, suka farfasa injinan buga jaridu biyu, suka watsa haruffan ɗab'i a kogi. Bayan kwana uku John Brown, mai adawa da bauta, da mutanensa suka bi gida-gida cikin dare a bakin rafin Potawatomi, suka fito da mutum biyar magoya bayan bauta suka kashe su, akasari da takubba.

Kansas ta zama jihar da ta haramta bauta ran 29 ga Janairu 1861. A watan Afrilu yaƙin basasar Amurka ya ɓarke.