Makaɗan Turai da Suka Je Rancen Kiɗa Don Raya Waƙoƙin Kakanni

A shekarar 1960 wani matashi ɗan Ingila, David Munrow, ya tafi Peru koyar da Turanci yana ɗan shekara 18. Ya dawo gida da tarin sarewa da sauran kayan busa na mutanen tsaunukan Andes. Da ya shiga jami'ar Cambridge ya ci karo da kayan busar Turawan da, waɗanda aka daɗe da jinginewa a bango, sai ya lura ba su da nisa da abin da ya gani a hannun manoma a can. A 1967 ya kafa ƙungiyar Early Music Consort of London tare da Christopher Hogwood, kuma bayan shekara biyu ya sa hannu a faifan Anthems in Eden na Shirley da Dolly Collins, mawaƙan gargajiyar ƙauyukan Ingila. Ɗaya daga cikin kayan da ya fi ƙwarewa a kai shi ne shawm, wanda dangi ɗaya suke da algaitar da ake busa wa sarakuna a ƙasar Hausa da ghaita ta Maroko.

Abin da ya tura irinsu Munrow wajen makaɗan gargajiya larura ce. Kiɗan Turai na kafin 1750 ya iso hannun mutanen yau a takarda, kuma takardar ba ta faɗi komai da komai ba. Waƙoƙin mawaƙan fada na kudancin Faransa a ƙarni na 12 da na 13, alal misali, sautin murya kaɗai aka rubuta. Babu bayanin sauri ko jinkiri, babu sunan abin kiɗan da zai raka ta. Ko a zamanin barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, marubucin kiɗa yakan ba mai rakiya layin sautin ƙasa da 'yan lambobi, sauran kuma ya ƙirƙira nan take a gaban jama'a. Makaɗan lokacin sun san yadda ake cike gurbin domin a kunne suka koya. Da suka mutu, sanin ya bi su.

Arnold Dolmetsch, wanda ya fara shirya irin wannan taron kiɗa a Landan cikin shekarun 1890 kuma ya buɗe bikin Haslemere a 1925, ya nemi amsa a tsofaffin littattafai da kuma ƙera kayan da hannunsa. Thomas Binkley, Ba'amurken da ya jagoranci Studio der Frühen Musik a birnin Munich tun farkon shekarun 1960, ya ɗauki wata hanyar. Ya saurari makaɗan Andalusiya na Maroko, zuriyar al'adar da ta taso a Sifaniya lokacin mulkin Musulmi, ya ce tunda su ma sauti ɗaya suke ɗauka su ƙawata shi da shimfiɗa da amshi, ƙila haka Turawan da suka yi. Faifansa sun yi daɗin ji ƙwarai. Hujja kuwa ba ta kai daɗin ba, kuma a shekarun 1980 Christopher Page da ƙungiyarsa Gothic Voices suka yi ta nuna cewa da yawa daga waƙoƙin nan murya zalla aka rera su, ba ganga ba tsirkiya.

Duk da haka masu gauraya suna da wata hujja da ba a iya ture ta: kiɗan barok ɗin kansa gaurayayye ne tun asali. Sarabande, wadda Bach da Handel suka rubuta a matsayin kiɗan natsuwa mai tafiyar ƙasaita, ta fara ne a matsayin rawar titi, kuma ambatonta na farko ya fito daga yankunan da Sifaniya ta mallaka a nahiyar Amurka. An haramta ta a Sifaniya a 1583 saboda ana ganin rashin kunya ce. Rawar chacona ma ta can ta ɓullo. A 1943 wani masanin Meziko, Gabriel Saldívar, ya tsinci wani kundin jita na Santiago de Murcia a garin León, kuma a cikinsa akwai raye-rayen cumbé da zarambeque masu tushe a wajen bayin da aka kwaso daga Afirka. Fadawa sun ari kiɗan talaka da na bawa, sun wanke shi, sun sa masa riga.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan tarihi shi ne Jordi Savall, ɗan yankin Kataloniya da aka haifa a 1941. Abin kiɗansa viola da gamba ne, babban goge mai tsirkiya shida ko bakwai da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. A 1974, a birnin Basel, shi da matarsa mawaƙiya Montserrat Figueras da Hopkinson Smith da Lorenzo Alpert suka kafa ƙungiyar Hespèrion XX. Tun da wuri suka rera waƙoƙin Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492, waɗanda baki da baki suka rayu a Turkiyya da Maroko da yankin Balkan. Fim ɗin Tous les matins du monde na 1991, kan rayuwar makaɗi Marin Marais, ya kai sunansa gidajen da ba su taɓa jin gamba ba. Da ya kafa kamfanin faifansa Alia Vox a 1998, ba mai hana shi gayyatar wanda ya so. A 2009 ya zauna da makaɗan Turkiyya da Armeniya, cikinsu har da mai busa Kudsi Erguner, suka kaɗa kiɗan fadar Usmaniyya da yarima Dimitrie Cantemir ya rubuta a Istanbul wajen shekarar 1700.

Mafi nauyi cikin ayyukansa shi ne Les Routes de l'esclavage, hanyoyin cinikin bayi daga 1444 zuwa 1888. Shekarar farko ita ce ta babban cinikin bayin Afirka a garin Lagos na Fotugal (ba Legas ɗin Najeriya ba), ta biyun kuma ta soke bauta a Barazil. A dandamali ɗaya ana ganin marigayi Kassé Mady Diabaté na Mali yana jan waƙar jali da doguwar murya, Ballaké Sissoko a zaune ya kafa kora mai tsirkiya 21 a gabansa, Rajery na Madagaska da valiha ta gora, Driss El Maloumi na Maroko da oud, ga kuma 'yan Tembembe daga Meziko suna buga ƙafa a kan katako. Tsakanin waƙa da waƙa, mai karatu yana karanto dokokin bauta da bayanan waɗanda suka ga abin da idonsu. Nan gaurayar ba ado ba ce, domin waƙoƙin coci na Meziko da Peru da ke kwaikwayon harshen bayi suna fitowa daban idan jikokin mutanen da ake kwaikwaya suna tsaye a gefe suna rera nasu.

Christina Pluhar, 'yar Ostiriya da ta kafa ƙungiyar L'Arpeggiata a Paris a 2000, ta fi sakin jiki. Ta kaɗa tarantella ta kudancin Italiya tare da mawaƙan gargajiya, ta gayyaci mai busa jazz Gianluigi Trovesi a 2004, sannan a 2014 ta sa wa waƙoƙin Henry Purcell jita mai lantarki da fiyano. Zauruka suna cika, wasu masana kuma suna ɗaure fuska. Da ma masanin kiɗa Richard Taruskin ya riga ya yi bayani a littafinsa Text and Act na 1995 cewa abin da ake kira sahihin kiɗan da, galibi ɗanɗanon mutanen yau ne aka yi wa tsohon rawani. Maganarsa ta fi kama Pluhar a aikin Purcell fiye da na tarantella, inda aƙalla rawar tana raye a ƙauyukan Puglia kuma ana iya zuwa a ji.

Figueras ta rasu a 2011. Savall, wanda UNESCO ta naɗa jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2008, ya ci gaba, har ya kafa Orpheus XXI, ƙungiyar ƙwararrun makaɗa 'yan gudun hijira daga ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, waɗanda ke kiɗa tare kuma suna koyar da yara a biranen Turai.