Saɓanin Faci Tsakanin Zubin Kanel na Linux: Nazari

Kanel shi ne ƙashin bayan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana fitar da sabon zubi kusan duk mako tara zuwa goma, alhali tsofaffi irin su 5.10 da 6.1 na nan suna aiki a wayoyi da manyan na'urori. Idan aka gano ɓaraka, dokar masu kula da tsofaffin zubi, ƙarƙashin Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin, ita ce a fara ɗinke ta a babban reshe, sannan a dawo da facin baya. A nan saɓani ke tasowa, domin da gangan Linux bai yi alkawarin barin tsarin cikinsa yadda yake ba.

Saɓanin iri uku ne. Na farko na rubutu ne: layukan da ke kewaye da gyaran sun sauya, sai manhajar Git ta ƙi liƙa facin. Na biyu yana bayyana wajen harhaɗa manhajar. A zubi na 5.6, a 2020, an kawo proc_ops ya maye gurbin file_operations a wani sashe, direbobin na'ura da yawa da ake ajiye a wajen kanel suka daina haɗuwa. Waɗannan biyun suna tona kansu tun kafin a yi nisa.

Na uku shi ne mugu. Faci ya zauna daram, manhaja ta haɗu lafiya, amma gyaran ya dogara da wani kulle ko bincike da aka ƙara a zubin gaba, wanda babu shi a tsohon. Ɓarakar na nan, kowa kuma na zaton an toshe ta.

Mai dawo da faci yana da hanya biyu: ya janyo gyare-gyaren da suka gabace shi, ya ɗauki haɗarin da ke tattare da su, ko ya sake rubuta gyaran daidai da tsohon gini. Ɓarakar Meltdown ta Janairun 2018 ta nuna tsadar hanya ta biyu. Zubi na 4.14 ya samu kariyar KPTI irin ta babban reshe, amma 4.4 da 4.9 sun samu wadda aka gina kan tsohon aikin KAISER, don haka gyaran da ya biyo baya sai an yi wa kowane reshe nasa.

Dogaro da lambar zubi ma yaudara ce. Kanel ɗin Red Hat Enterprise Linux 7 yana amsa sunan 3.10, amma cike yake da abubuwan da aka janyo daga gaba. Shi ya sa masu manhajar OpenZFS ke gwada ko abin da suke buƙata yana cikin kanel ɗin tun kafin harhaɗawa. Wajen dawo da faci kuma, manhajar Coccinelle, wadda Julia Lawall ke jagoranta a Faransa, tana bin ma'anar sauyin a duk inda ya shafa, ko da layuka sun gusa. Duk da haka, hukuncin ƙarshe na wanda ya karanta tarihin fayil ɗin ne, ya gane dalilin da ya sa aka rubuta facin tun asali.