Waiwaye: Yadda Linux Ta Biyo Hanya Har Ta Iso Gare Mu

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Maganar ta shafi mutanen Barkiya da Kurfi da Dutsin-Ma fiye da yadda ake zato, domin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu a nan galibinsu na gwanjo ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso. Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsohuwar na'ura: sai mai guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Don haka tambayar da aka daɗe ana ɗagawa ta dawo: a koma Linux ne, in kuma za a koma, wacce daga cikin ire-irenta?

Asalin abin ya faro a 1983, lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a Amurka, da nufin samar da babbar manhajar da kowa zai iya kwafa, ya gyara, ya ba wani. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya rubuta ƙashin bayan da ake kira Linux. Debian ta biyo baya a 1993. Duk wannan na gwanaye ne, har sai 2004 da Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu. Kamfaninsa Canonical ya riƙa aika faifanta kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. A zamanin da sauke ƙaramin fayil a kafe kan cinye awa guda, wannan faifai ne ya fara nuna wa 'yan Nijeriya da dama cewa kwamfuta na iya tashi ba da Windows ba.

Shekarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 2007. A cikinta aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja korayen kwamfutocin nan na shirin OLPC na samar wa kowane yaro kwamfuta, masu aiki da Linux. A cikinta kuma aka ƙulla cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na Intel domin makarantun Nijeriya, ɗauke da Mandriva, wata Linux ta kamfanin Faransa. Ana cikin haka sai labari ya ɓulla cewa za a goge Mandriva a ɗora Windows. Shugaban kamfanin Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer na Microsoft, duniya ta ɗauka. Daga baya asusun gwamnatin Nijeriya na USPF, wanda ya biya kuɗin 11,000 daga ciki, ya ce shi yana nan a kan Mandriva. Abin takaici a nan shi ne, an yi ta ja-in-ja tsakanin Faris da Abuja da Amurka, amma ba a yi wa malamin aji da mai gyaran da zai riƙe na'urar tanadin da ya kamata ba. Kamfanin Mandriva ma ya rufe a 2015.

Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, da mayar da jarrabawar JAMB kacokan kan kwamfuta a 2015, sun cika yankin nan da masu neman na'ura. Amma Linux ba ta ci moriyar hakan ba, kuma dalilin a fili yake. A wasu ƙasashe hujjarta ita ce kyauta ce. A nan kuwa ka kai kwamfutarka shago, mai gyara ya zaro filas daga aljihu, ya ce maka "sai an yi mata fomatin", kafin la'asar ya ɗora maka Windows marar lasisi da Office da CorelDRAW a kan ɗan kuɗi kaɗan. Bayan wata biyu bairos ya cinye fayilolin furojet, a sake komawa. Ga shi kuma wayar Android da ke hannun kusan kowa a kan Linux aka gina ta, masu ita ba su sani ba.

Yau lissafi ya canza, tunda abin da ake aunawa shi ne ƙarfin na'ura da tsaronta. Linux Mint, wadda ta fito a 2006, ita ta fi dacewa da wanda ya saba da Windows, domin jerin manhajojinta na nan ƙasa ta hagu inda hannu ya saba zuwa, kuma zubinta na Xfce na tafiya lafiya a kan na'ura mai RAM 4GB. Ubuntu ta fi nauyi, amma ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai fi samun amsar matsalarsa a kanta, kuma zubinta na LTS da ke fitowa duk shekara biyu yana samun kulawar shekara biyar. Debian ba ta da ado, ba ta kuma yawan neman a sabunta ta, abin da ya dace da ɗakin kwamfutar makaranta inda data ke da tsada. Fedora ba na ba sabon shiga shawararta, saboda kowane zubi nata bai wuce kusan wata 13 ba ake daina kula da shi.

Akwai wanda bai kamata ya sauya ba. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW, yana buga katin biki da kalanda, ya zauna inda yake, don manhajar ba ta da zubin Linux, kuma Inkscape, madadinta a Linux, sai an koye ta daga farko. LibreOffice, madadin Office a Linux, na buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci jadawali kan goce, don haka a duba kafin a kai wa sufabaiza.

Ga sauran jama'a, gwaji bai cin komai. A sa Mint a filas, a tashi kwamfutar daga kansa ba tare da an goge komai ba, a ga ko Wi-Fi da sauti da firinta sun amsa. In sun amsa, a kwashe fayiloli zuwa wani wuri, sannan a sauya. Kira na ga masu gyara na Dutsin-Ma da Kurfi, da sashen kwamfuta na jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita: ku koyi ɗora Linux, ku koyar da ita, domin ba wanda zai sauya zuwa abin da babu mai gyara masa shi a garinsu.