Dole Kaina da Rabon Ƙasa a Bakin Kwara

Dole Kaina gari ne a gaɓar kogin Kwara, kusa da mahaɗar iyakokin Najeriya, Nijar da Benin. Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Dandi mai hedikwata a Kamba, ƙarƙashin masarautar Argungu. A hayin kogin akwai Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ke bin masarautar Gwandu.

Rabon iyakokin ƙasashen nan ya samo asali daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta bar garin Illo a hannun Ingila, ta ja iyaka kimanin mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Illo tsohuwar ƙasar Bargu ce. Daga baya Turawa suka mayar da ita lardin Sakkwato. Layin iyakar bai kula da dangantaka ba ko kaɗan: ya raba Dandawa da Kyangawa da 'yan'uwansu na Gaya a Nijar da Malanbil a Benin.

A 1991 yankin ya koma sabuwar jihar Kebbi. Bagudo na da mazaɓu 11, ciki har da Illo, Ka'oje da Zagga. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan 238,000, Dandi kuma sama da 140,000.