Yadda Na'ura Ta Zama Magatakardar Likita

A shekarar 1952, injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera wata na'ura mai suna Audrey. Iyakar abin da take ganewa shi ne lambobi goma, daga sifiri zuwa tara, su ma sai daga bakin wanda aka saba mata da muryarsa. A asibitocin ƙasar kuwa, likita yakan faɗi bayanin mara lafiya cikin na'urar ɗaukar murya, a miƙa wa ƙwararriyar mai buga tafireta ta mayar da shi rubutu. Aikin wannan mata ya wuce bugawa kawai. Ta san sunayen magunguna da cututtuka, kuma inda magana ba ta fita ba takan bar gurbi, ta mayar wa likita ya cike. Wannan kujerar ce na'ura ta shafe shekara saba'in tana neman gada.

Tafiyar ta yi nawa da farko. Sai a 1976 manhajar Harpy ta Jami'ar Carnegie Mellon ta kai ga gane kalmomi dubu da 'yan kai. James da Janet Baker sun kafa kamfanin Dragon Systems a 1982, amma DragonDictate da suka fitar a 1990 tana buƙatar mai magana ya dakata bayan kowace kalma. A 1997 ne NaturallySpeaking ta ba mutum damar yin magana yadda ya saba. Likitocin da ke fassara hotunan cikin jiki na cikin waɗanda suka fara karɓar fasahar, domin ɗakinsu shiru ne, kalmominsu kuma maimaituwa suke yi. Dominsu IBM ya fitar da MedSpeak a 1996.

Abin da ya buɗe kasuwar sosai shi ne dokar HITECH ta 2009, wadda ta ware kuɗi don asibitocin Amurka su mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. Nauyin rubutu sai ya komo wuyan likita. Wani bincike na 2016 a mujallar Annals of Internal Medicine ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Wanda ya gaji haka ba ya raina mai taimako.

Sai dai sauƙin ya zo da farashinsa. A 2018, wani nazari a mujallar JAMA Network Open ya ƙirga kurakurai a bayanan da likitoci suka faɗa wa na'ura. A rubutun na'ura zalla, kuskure ya kai kashi 7.4 cikin ɗari na kalmomi. Bayan ƙwararren mai rubutu ya bi ya gyara, ya sauko zuwa kashi 0.4. A takardar asibiti, faɗuwar kalma guda mai kore magana na iya mayar da mai lafiya majinyaci.

Mataki na baya-bayan nan ya sauya aikin baki ɗaya. A 2020 kamfanin Nuance, magajin Dragon, ya fitar da DAX, manhajar da ke sauraron hirar likita da mara lafiya, ta tace, ta tsara rahoto da kanta. Microsoft ya saye kamfanin a 2022 a kan dala biliyan 19.7. Yanzu na'ura ce ke fara zaɓar abin da ya cancanci shiga takarda. A Oktoban 2024, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ruwaito cewa Whisper, manhajar OpenAI da aka gina wasu kayan aikin asibiti a kanta, takan ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya furta. Mai tafireta takan bar gurbi idan ba ta ji ba. Wannan magatakardar takan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya.

Inda mara lafiya ke kawo kukansa da Hausa, likita kuma ya rubuta da Ingilishi ko Faransanci, kamar a Kano da Maraɗi, aikin zai haɗa da fassara, wata ƙofar kuskure ke nan. Ko a ina ne, sa hannun da ke ƙasan takarda na likita ne, kuma shi za a tambaya idan aka ba da maganin da bai dace ba. Karatun da mai tafireta ke yi a da, yanzu ya rage gare shi.